Yadda ƙungiyoyi ke fitar da cek ta hannun ofishin akanta na haya

Kusan duk ƙungiyar da ke da asusu a banki ta san wannan ƙorafi: an yi aiki an gama, mai aiki na jiran haƙƙinsa, ma'aji kuma yana ta cewa takardu na wajen akanta. Kafinta ya soma zargin an ci kuɗinsa, 'yan ƙungiya su soma gunaguni a bayan ido, shi kuwa ma'aji ya rasa bakin magana. Sau da yawa babu wanda ya ci ko dala. Takarda ɗaya ce ta ɓace a hanya, ko sa hannu ɗaya ya rage, cek ya maƙale.

Ƙungiyoyin 'yan zango a Kwatano da Lome, ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Garwa da Njamena, makarantu masu zaman kansu da ƙananan ONG a Yamai da Maraɗi, da yawansu ba su da ƙarfin ɗaukar akanta na dindindin. Sai su ƙulla yarjejeniya da wani ofishi, wanda a Faransanci ake kira cabinet comptable, ya riƙe masu lissafi ana biyansa a wata. Tsarin yana da sauƙin kuɗi, amma yana da hanyarsa, kuma wanda bai san hanyar ba shi ke shan wahala.

Abin da ya sa ake neman ofishin waje

Dalili na farko doka ce. Ƙasashe 17 na Afirka, ciki har da Nijar, Benin, Togo, Kamaru, Cadi, Burkina Faso da Kodebuwa, suna bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993. Kamfanoni suna riƙe lissafinsu bisa tsarin SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2018. A ranar 22 ga Disamba 2022 kuma, a birnin Yamai, aka amince da wani tsari na musamman domin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, mai suna SYCEBNL, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Tun daga nan littafin makaranta da ma'aji ke rubuta shiga da fita a ciki ya daina wadatarwa ga ƙungiyar da ke karɓar tallafi mai kauri. Ana buƙatar rahoton kuɗi na shekara bisa tsari, har da rajistar masu ba da gudummawa.

Dalili na biyu masu ba da tallafi ne. Kafin su saki kashi na biyu na kuɗi, sai sun ga shaidar yadda aka kashe na farko, takarda bayan takarda.

Na uku shi ne raba hannu. Idan mutum ɗaya ne ke neman kuɗi, shi ke amincewa, shi ke rubuta cek, shi kuma ke rubuta lissafi, to ko waliyyi ne an sa shi cikin jarraba, kuma ranar da aka zarge shi ba shi da mai wanke shi. Ofishin waje yana zama ido na biyu wanda ba ɗan unguwa ba, ba surukin kowa ba.

Kafin a ƙulla yarjejeniya, ya kamata a tabbatar ofishin yana cikin rajistar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasar. A Nijar da Kamaru sunanta ONECCA, a Najeriya akwai ICAN da ANAN, a Ghana kuma ICAG. Wasu ƙasashen rainon Faransa suna da cibiyoyin da ake kira centres de gestion agréés, waɗanda aka kafa domin taimaka wa ƙananan masana'antu da 'yan kasuwa wajen lissafi da haraji.

Wa ke da wane aiki

Abin da ya fi rikita mutane shi ne zaton cewa akanta ne ke biya. Kuɗin na ƙungiya ne, asusun da sunanta yake, kuma waɗanda banki ya sani su ne mutanen da suka ajiye samfurin sa hannunsu ranar buɗe asusu. Aikin akanta shi ne ya duba, ya shirya, ya rubuta a littafi. Ikon cewa a biya yana hannun shugabannin ƙungiya.

A tsari mai kyau hannu huɗu ne. Akwai mai neman biya, wato wanda ya sa aka yi aikin. Akwai mai amincewa, shugaba ko darakta. Akwai ofishin akanta. Sai masu sa hannu a cek, galibi mutum biyu cikin uku da aka ba banki sunayensu. Ba a son mutum ɗaya ya riƙe biyu daga cikin waɗannan a kan biya ɗaya, kuma ba a son kowa ya amince da kuɗin da shi ne zai karɓa.

Mataki na farko: takardar neman biya

A ɗauki misali. Wata ƙungiyar iyaye a unguwar Zango ta Kwatano ta sa kafinta ya yi mata tebura 60 na 'yan makaranta, kowanne a kan jika 15 na sefa, jimla jika 900. Kafinta ya kawo kaya. Sakataren ƙungiya, wanda shi ya bi aikin, zai cike takardar neman biya. Wasu ofisoshin suna ba da ita a buge, wasu suna da shafin intanet da ake cikewa, amma abin da ake tambaya kusan ɗaya ne: cikakken sunan wanda za a biya kamar yadda yake a banki, adadin kuɗi, dalilin biya, sashen kasafin da za a cire kuɗin, ranar da ake son cek ya fito, da yadda za a miƙa shi.

Maganar suna ba ƙarama ba ce. Mutum ana kiransa da laƙabi a kasuwa shekara talatin, amma katinsa na ɗan ƙasa wani suna ke kai. Haka nan rubutun suna yana bambanta tsakanin ƙasashe: wanda aka rubuta Ousmane a takardunsa, idan aka sa Usman a cek, banki na iya mayar da shi. Shi ya sa ofisoshi ke neman kwafin katin shaida, ko takardar lambar asusu da ake kira RIB, tun karo na farko da za a biya mutum.

Mataki na biyu: takardun shaida

Takardar neman biya ita kaɗai ba ta fitar da cek. Ana haɗa ta da takardu uku waɗanda dole su yi magana ɗaya. Ta farko ita ce takardar oda, bon de commande, mai nuna abin da ƙungiya ta nema da farashin da aka yi ciniki. Ta biyu takardar karɓar kaya, wadda wani ɗan ƙungiya ya ƙirga ya sa hannu cewa tebura 60 sun iso lafiya. Ta uku ita ce faktir ɗin kafinta. Idan oda ta ce 60, takardar karɓa ta ce 54, faktir kuma ya ce 60, akanta zai tsaya, kuma daidai ya yi. Ko dai a kawo shidan da suka rage, ko a gyara faktir ya koma jika 810.

Faktir ɗin da za a karɓa shi ne na asali, mai lamba da kwanan wata, mai ɗauke da lambar harajin mai kaya. Sunan wannan lamba NIF a Nijar, IFU a Benin da Burkina Faso, NIU a Kamaru. A Benin da Nijar hukumomin haraji sun kawo tsarin faktir da na'ura ke tantancewa, don haka ofishin akanta yakan ƙi karɓar na hannu daga ɗan kasuwar da doka ta wajabta wa sabon tsarin. Idan kuɗin sun kai wani mizani da ƙungiya ko mai tallafi ya ƙayyade, akan nemi a haɗa da farashin masu kaya uku da aka gwada kafin a zaɓi ɗaya.

Mataki na uku: amincewa da binciken akanta

Shugaba zai duba takardun ya sa hannun amincewa, sannan a aika ofishin akanta. Yawancin ofisoshi suna da ranakun aiki tsayayyu. Alal misali a ce duk buƙatar da ta iso kafin azahar ta Talata, cek ɗinta zai fito Alhamis, wadda ta makara kuma sai mako mai zuwa. Ƙungiyar da ta san wannan jadawali ba ta yi wa mai kaya alkawarin gobe.

A ofis ana duba abubuwa biyar. Shin takardun sun cika kuma sun dace da juna? Shin wanda ya amince yana da ikon amincewa da wannan adadi? Shin akwai sauran kuɗi a sashen kasafin da aka ambata? Shin ba a taɓa biyan wannan faktir ba? Sannan shin akwai harajin da doka ta ce a cire tun daga tushe?

Wannan na ƙarshe shi ke yawan haddasa faɗa. A ƙasashe da dama doka tana ɗora wa wasu masu biya nauyin cire wani kaso daga kuɗin mai kaya su zuba wa hukumar haraji da sunansa. Kason yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, da kuma matsayin mai kaya a wajen hukuma. A ƙaddara kashi 5 cikin ɗari ne a misalin kafinta: za a cire jika 45, cek ya fito da jika 855. Idan ba a gaya masa tun ranar ciniki ba, zai rantse an zalunce shi. Haƙƙinsa ne a ba shi takardar shaidar abin da aka cire, domin da ita zai nuna wa hukuma an riga an biya wani abu a madadinsa.

Abu na ƙarshe da akanta ke dubawa shi ne kuɗin da ke cikin asusu da gaske. Adadin da banki ya nuna yau yana iya yaudara, domin akwai cek ɗin da aka bayar makon jiya waɗanda masu su ba su kai banki ba tukuna. Idan banki ya nuna miliyan 2, alhali akwai cek na miliyan 1 da jika 300 a hannun mutane, abin da ƙungiya ta mallaka jika 700 ne, ba zai ɗauki cek ɗin kafinta ba.

Mataki na huɗu: rubuta cek da sa hannu

A ƙasashe takwas na yankin UEMOA, dokar da ke tafiyar da cek ita ce ƙa'ida mai lamba 15 ta shekarar 2002 kan hanyoyin biyan kuɗi. Cek ingantacce yana ɗauke da kalmar cek a jikinsa, umarnin biyan adadi tsayayye ba tare da sharaɗi ba, sunan bankin da zai biya, wurin biya, rana da wurin da aka rubuta shi, da sa hannun mai asusu. Ana rubuta kuɗin da lambobi da kuma kalmomi, idan suka saɓa, na kalmomi ake ɗauka. Don haka ake jan layi a sauran filin da ya rage, kada wani ya ƙara wani abu.

Ofisoshi da yawa suna jan layi biyu a fuskar cek, wanda ake kira chèque barré. Irin wannan ba a miƙa wa kowane mai zuwa tsabar kuɗinsa a kanta, ta hannun banki yake bi. Idan ya faɗi a tasha, wanda ya tsinta ba zai amfana da shi cikin sauƙi ba. Matsalar ita ce ƙaramin mai sana'a da ba shi da asusu. Wannan ma tun ranar ciniki ake tambaya.

Daga nan cek zai koma wa masu sa hannu tare da dukan takardunsa. Mai sa hannu da ya san aikinsa ba ya karɓar cek tsirara. Zai karanta faktir, ya gwada suna da adadi, sannan ya sa hannu. Bayan haka a buga hatimin "an biya" a kan faktir tare da lambar cek, domin kada ya sake dawowa ta wata ƙofa bayan wata uku.

Babban kuskuren da ƙungiyoyi ke yi shi ne sa hannu a cek fanko. Shugaba zai tafi aikin Hajji ko fatauci, sai ya sa hannu a ganye biyar ya bari saboda kada aiki ya tsaya. Daga wannan rana tsarin mutum biyu ya rushe, mutum ɗaya ke riƙe da asusu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin shi ne a ba banki sunan mutum na uku tun farko. Haka kuma bai kamata ma'aikacin ofishin akanta ya zama mai sa hannu ba, tunda shi ne zai binciki lissafin daga baya.

Mataki na biyar: miƙawa da bin sawu

Wanda ya karɓi cek yana sa hannu a rajista ko a kan kwafinsa, da rana da lambar katinsa. Gindin cek da ya rage a littafi ana cike shi da suna, adadi da dalili. Ganyen da aka ɓata wajen rubutu ba a yaga shi a zubar, ana rubuta "an soke" a kai a ajiye, domin mai bincike zai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, duk lambar da ta ɓace sai an yi bayaninta.

Idan kafinta ya zuba cek a wani banki daban, bankunan biyu za su yi musaya ta tsarin SICA-UEMOA na babban bankin BCEAO. A yankin CEMAC, inda Kamaru da Cadi suke, makamancinsa shi ne SYSTAC na bankin BEAC. A ƙarshen wata ofishin akanta zai karɓi takardar shige da ficen asusu daga banki, ya gwada ta da littafinsa layi bayan layi, ya fitar da jerin cek ɗin da ba su fita ba tukuna da kuɗin hidimar da banki ya cire. Wannan takardar daidaita lissafi ita ce ya kamata ma'aji ya nema kowane wata, ya karanta, ya sa hannu. Dokar OHADA ta ce a ajiye littattafan lissafi da takardun shaida har shekara 10.

Inda doka ta bambanta a tsallaken iyaka

Ga mutanen da ke ciniki tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Garwa da Yola, nan ne wurin lura. A yankin UEMOA an ba mai riƙe da cek kwana 8 ya kai shi banki idan a garin da aka rubuta shi za a biya, kwana 20 idan wani gari ne a cikin ƙasar, kwana 45 idan daga wata ƙasar yankin ya fito, kwana 70 idan daga wajen yankin ne. Wuce wa'adin ba ya kashe cek nan take, banki na iya biya idan akwai kuɗi, amma mai jinkiri yana rasa wasu hanyoyin neman haƙƙinsa idan aka samu matsala. A Najeriya kuwa bankuna suna ɗaukar cek a matsayin wanda ya tsufa bayan wata shida.

Sai maganar cek mai ranar gaba. A Najeriya an saba ba mutum cek da kwanan watan da bai zo ba, banki ba zai biya ba sai ranar ta yi. A dokar UEMOA cek abin biya ne da zarar an gabatar da shi, ko da ranar da aka rubuta ba ta zo ba. Ƙungiyar da ta ba da irinsa da nufin a jira ƙarshen wata tana iya wayar gari an kai shi banki washegari, asusu babu kuɗi.

Sakamakon hakan yana da nauyi. A UEMOA idan cek ya dawo saboda rashin kuɗi, banki yana gargaɗin mai asusu ya gyara cikin kwana 30. Idan bai gyara ba, ana iya hana shi fitar da cek har shekara 5, sunansa kuma ya shiga rajistar matsalolin biya ta BCEAO da bankuna ke dubawa. A Najeriya dokar 1977 kan cek na bogi ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba tare da zaɓin tara ba. A duka biyun mai asusu da wanda ya sa hannu ake nema, ba ofishin da ya shirya takarda ba.

Haka nan a UEMOA ba a dakatar da cek don kawai an ɓata da mai kaya. Doka ta yarda a hana biya idan cek ya ɓace, ko an sace shi, ko an yi amfani da shi ta hanyar zamba, ko mai riƙe da shi ya shiga shari'ar karyewar jari. Ke nan duk wani ƙorafi kan ingancin tebura sai a yi shi kafin cek ya bar ofis.

Akwai kuma batun sefa biyu. Ta yammaci da ta tsakiyar Afirka darajarsu ɗaya ce a kan Yuro, 655,957, amma manyan bankuna daban ne ke fitar da su, kuma tsarin musayarsu daban. Cek ɗin bankin Garwa da aka zuba a Yamai zai daɗe a hanya, ya kuma ci kuɗin hidima. Ga biyan da zai tsallaka yanki, tura kuɗi daga asusu zuwa asusu ya fi sauƙi. A cikin Najeriya ma babban banki ya ƙayyade tun 2010 cewa cek ɗin da zai bi ta musayar bankuna kada ya wuce Naira miliyan 10.

Abin da ya kamata yarjejeniya ta ƙunsa

Yawancin rigingimu tsakanin ƙungiya da ofishin akanta suna tasowa ne daga abin da ba a rubuta ba. Takardar yarjejeniya, wadda ake kira lettre de mission, ya kamata ta faɗi kwana nawa ofis zai ɗauka daga karɓar cikakkun takardu zuwa fitar da cek, da yadda za a yi da biyan gaggawa kamar na asibiti ko jana'iza. Ta faɗi inda littafin cek zai kwana da wanda ke riƙe da mabuɗi. Ta ambaci sunayen masu ikon aika buƙata, domin kada saƙon WhatsApp daga lambar da ba a sani ba ya zama umarnin biya. Idan mai kaya ya aiko cewa ya canza asusu ko suna, a kira shi ta tsohuwar lambarsa a tabbatar kafin a taɓa komai, domin wannan tsohuwar dabarar 'yan damfara ce. A ƙarshe ta bayyana cewa takardun na ƙungiya ne, za a mayar mata da su ranar da aka rabu.

Biya ta wayar salula da tura kuɗi ta banki suna ƙara karɓuwa, cek na raguwa a hannun mutane. Matakan dai ba su canza ba: buƙata a rubuce, shaidu uku da suka dace da juna, amincewar wanda ba shi zai karɓa ba, binciken akanta, izinin mutum biyu, da daidaita lissafi a ƙarshen wata. Sakataren da ya tara takardunsa tun ranar da tebura suka iso, ya kuma gaya wa kafinta ranar fitar cek da abin da za a cire na haraji, ya rufe ƙofar zargi a kansa da kan ma'ajin ƙungiyarsa.